Babi Na Shida: Wanne Ne Na Farko?

Fim ba ya isowa Kagoro bisa jerin da aka fitar da shi a Amurka. Yakan iso ne bisa abin da ke cikin kwamfutar mai turi a ranar, da kuma abin da memorin wayar mai saye zai iya ɗauka. Saurayi ya fito daga unguwannin gindin dutse, ko ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ya hau mashin zuwa Kafanchan, ya miƙa wayarsa a shagon caji da tura fina-finai, a zuba masa uku ko huɗu. Wanda ake yayi shi ake fara ba shi, wanda ake yayi kuwa yawanci shi ne na baya-bayan nan. Idan Kirsimeti ta zo, 'yan gari suka dawo daga Abuja da Kaduna da Jos don bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, sai wayoyi su haɗu, manhajar Xender ta yi ta aiki, kowa ya kwashi abin da ɗan'uwansa ya zo da shi. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka sami wanda ya fara sanin Iron Man a fim ɗin da ya mutu a ciki, wato Avengers: Endgame na 2019, sai daga baya ya gan shi a cikin kogo yana ƙera rigar ƙarfensa ta farko, a fim ɗin 2008.

Daga nan tambayar take tasowa, kuma duk mai shagon turi ya saba jin ta: "Yaya, wanne ne na farko?" Tambaya ce mai amsa biyu, don akwai wanda aka fara fitarwa, akwai kuma wanda labarinsa ya fara faruwa. A fina-finan Indiya da muka tashi muna kallo, da waɗanda Algaita ke fassarawa yanzu, da wuya waɗannan biyu su rabu. Kashi na ɗaya shi ne na ɗaya. A fina-finan sadaukan Marvel kuwa, lambar ma da ke jikin sunan fim takan yaudari mutum.

Ɗauki wanda aka tura wa Avengers guda huɗu, an sa musu lamba daga 1 zuwa 4. Ya kalli na 2012, ya kalli Age of Ultron na 2015, ya bar sadaukan nan tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ya buɗe na uku, Infinity War na 2018, sai ya tarar Iron Man da Captain America ba sa ga maciji da juna, Thor ya rasa ido ɗaya, an aske masa gashi, gudumarsa babu ita. Mai kallon nan bai tsallake komai a cikin abin da aka ba shi ba. Rabuwar kawunan tana cikin Captain America: Civil War na 2016, idon da gudumar kuwa suna cikin Thor: Ragnarok na 2017. Kamfanin ya rarraba labari ɗaya a ƙarƙashin sunaye daban-daban, ta yadda Endgame ya zama fim na 22 a jerin, ba na huɗu ba. Yanzu fina-finan sun haura talatin, ban da shirye-shiryen talabijin masu dogon zango. Wanda bai ga WandaVision na 2021 ba zai sha mamakin yadda jarumar nan Wanda ta rikiɗe ta zama abin tsoro a fim ɗin Doctor Strange na 2022. Shi kuwa Disney+, inda ake nuna waɗannan shirye-shirye, da ya shigo Afirka a 2022 Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin nahiyar ya sauka, bai haɗa da Nijeriya ba. Ga kuma wata matsala ƙarama amma mai tasiri: Marvel yakan ɓoye ɗan guntun labari bayan an gama jero sunayen ma'aikatan fim, guntun da ke ƙulla wannan fim da na gaba. A waya, ga caji na ƙarewa, wa zai tsaya kallon sunaye na minti goma? Wani lokaci ma an yanke wurin tun kafin fim ɗin ya iso.

Saɓanin lokacin fitowa da lokacin faruwar labari shi ne ruɗani mai sauƙi, kuma masu kallo sukan warware shi da kansu. Captain America: The First Avenger ya fito a 2011, amma labarinsa na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne. Captain Marvel ya fito a 2019, labarinsa na 1995 ne. Black Widow ya fito a 2021, shekara biyu bayan an ga mutuwar jarumar a Endgame, domin labarin ya koma baya ne zuwa 2016. Mu a Nijeriya muna ma da turken da za mu ɗaure lissafinmu. Civil War a Legas aka buɗe labarinsa, ɓarnar da ta auku a can ita ta ƙarfafa ƙasashen duniya suka ce sai an sa wa sadaukan linzami, kuma a taron sa hannu kan yarjejeniyar a Viyana aka kashe Sarki T'Chaka na Wakanda. Black Panther, duk da cewa sai 2018 ya fito, ya ɗora ne daga mako guda bayan wannan mutuwa, kuma tun a farkonsa aka nuna dajin Sambisa. Mai kallon da ya riƙe Legas da Sambisa ya riga ya san inda zai ajiye fina-finai uku: Civil War, sai Black Panther da Black Widow a bayansa kaɗan.

Inda musu ke yin zafi a majalisar samari shi ne inda aka shigo da tafiya cikin lokaci. A Infinity War, Thanos ya shafe rabin masu rai. Endgame ya tsallake shekara biyar, ya kai labari 2023, sannan sauran sadaukan suka koma baya, zuwa 2012 da 2013 da 2014 har da 1970, don ɗauko duwatsun da za su dawo da waɗanda suka ɓace. Tambayar da kowa ke yi ita ce, tunda sun iya komawa baya, me ya hana su kashe Thanos tun yana ƙarami? Fim ɗin ya ba da amsa, amma cikin Turanci mai sauri, a bakin Hulk, kuma a ƙaramar lasifikar waya ba kowa ke kama ta ba. Ƙa'idar ita ce, abin da ka taɓa a baya ba ya canza ranar da ka baro, sai dai ya haifi wani reshen lokaci daban.

Mutumin wannan yanki ya fi kowa saurin gane wannan, domin Kafanchan gari ne da mahaɗar jirgin ƙasa ta raya tun 1927. Layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, idan ya iso nan sai ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudu zuwa Jos. Idan aka juya wa jirgi layi ya bi ta Jos, dogon Kaduna bai ɓace ba, yana nan shimfiɗe da tashoshinsa. Ƙa'idar Endgame ke nan. X-Men: Days of Future Past na 2014 kuwa, wanda kamfanin Fox ya yi, wata ƙa'ida ya bi: an tura hankalin Wolverine daga 2023 zuwa 1973, ya hana wani kisa, sai dogon da aka baro ya tashi gaba ɗaya, kamar an zo an tumɓuke ƙarafunan. Duk abin da ya faru a tsofaffin fina-finan ya zama bai faru ba, waɗanda suka mutu a The Last Stand na 2006 suka dawo da ransu. Yawancin gardamar da ake yi kan waɗannan fina-finai daga nan take: mutum ya ɗauko ƙa'idar wannan kamfani yana auna fim ɗin wancan.

Ko da an riƙe ƙa'idar daidai, akwai ƙullin da ba ya kwancewa. A ƙarshen Endgame, Captain America ya koma baya don mayar da duwatsun, ya zauna can ya auri masoyiyarsa, sai ga shi tsoho a kan benci a bakin tafki. A wane reshe ya yi rayuwar? 'Yan'uwan nan biyu da suka ba da umarnin fim ɗin, Anthony da Joe Russo, sun ce a wani reshe daban ya zauna sannan ya dawo. Marubutan labarin, Christopher Markus da Stephen McFeely, sun nuna cewa a ganinsu yana nan cikin layin asali tun farko, a ɓoye. Mutum huɗu da suka yi fim ɗaya, amsa biyu. Idan samari biyu a Kagoro suka raba dare suna jayayya a kan wannan, babu wanda ya gaza fahimta a cikinsu. Kowannensu yana da rabin masu fim ɗin a bayansa.

Wannan ne abin da nake so mai karatu ya riƙe a wannan babi, domin na sha ganin yadda matashi ke ɗora wa kansa laifi, yana cewa Turancinsa ne bai kai ba, ko shi ne bai iya kallo ba. Da yawa daga cikin waɗannan ƙulle-ƙulle ba zurfin hikima ba ne. Wasu kuskure ne tsagwaronsa, wasu kuma sawun ciniki ne.

Misalin kuskure: Spider-Man: Homecoming na 2017 ya fara da kwashe ɓaraguzan yaƙin birnin Niyok na Amurka, wanda aka yi a 2012 cikin labari, sannan aka rubuta a fuskar allo cewa shekara takwas sun wuce. Lissafi ya kai mu 2020 ke nan. Amma labarin fim ɗin ya biyo bayan Civil War na 2016 ne da watanni kaɗan, kuma a Infinity War Tony Stark, wato Iron Man, ya ce shekara shida ke nan da wancan yaƙin. Masu kallo a duniya suka yi ta jujjuya shekarun sauran fina-finan don su ba wa takwas ɗin nan wurin zama, ba ta zaunu ba. Daga baya Joe Russo ya amsa cewa ba daidai ba ce, kuma littafin jerin lokutan da Marvel ya amince da shi, wanda kamfanin DK ya buga a 2023, ya ajiye labarin fim ɗin a 2016. Masu kallo ne suka riga kamfani gano gaskiya.

A fina-finan X-Men irin wannan ya fi yawa. First Class na 2011 ya nuna harsashi ya sami Farfesa Xavier a baya a gaɓar tekun Kuba a 1962, ya gurgunce, kuma a ranar suka raba gari da Magneto. Amma farkon The Last Stand ya nuna su biyun suna tafe da ƙafafunsu, aminan juna, fiye da shekara ashirin bayan haka. Wani mai suna Trask, Bill Duke ne ya fito a matsayinsa a 2006, baƙar fata dogo. A 2014 Peter Dinklage ne, farar fata gajere, kuma a labarin da ya riga wancan da shekaru talatin. Daga First Class, wanda labarinsa na 1962 ne, zuwa Dark Phoenix, na 1992, shekara talatin ce a labari, amma 'yan wasan shekara takwas kawai suka ƙara, fuskokinsu ba su nuna komai ba. Babu wani lissafi da zai daidaita waɗannan. Masu ba da umarni daban-daban ne kowa ya yi abin da ya ga zai yi kyau a fim ɗinsa.

Sawun cinikin kuwa ya fi ban sha'awa, don shi ke bayyana abin da labari ya kasa bayyanawa. A shekarun 1990 Marvel, wanda a lokacin sana'arsa buga mujallun labaran zane ce, ya shiga matsin kuɗi har ya kai ƙarar karayar arziki a Disamban 1996. A cikin waɗannan shekaru ya sayar da izinin yin fim da manyan jarumansa: X-Men suka tafi hannun Fox, Spider-Man ya tafi hannun Sony a 1999. Da ya zo fara nasa fina-finan a 2008, sai da waɗanda suka rage masa, irin su Iron Man da Thor. Shi ya sa Wolverine bai zo taimako ba ranar da aka kai wa Niyok hari. Ba wani dalili na labari, kwantiragi ne ya hana shi. Shi ya sa kuma aka sami Quicksilver biyu a shekara biyu a jere: na Fox a 2014, ɗan Magneto, da na Marvel a 2015, wanda ba a isa a ambaci ubansa na mujalla ba, kuma ya mutu a fim ɗin da aka gabatar da shi sosai. Spider-Man uku da suka rikita mutane, Tobey Maguire daga 2002, Andrew Garfield daga 2012, Tom Holland daga 2016, su ma tarihin Sony ne: ya sake farawa daga tushe, sannan a 2015 ya yi yarjejeniya da Marvel ya ba da aron jarumin. Disney ya sayi Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4, ya sayi yawancin kadarorin Fox a 2019 kan sama da dala biliyan 71. Sai bayan nan ne batun duniyoyi masu yawa da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ya zama ginshiƙin labari, da shirin Loki da fim ɗin No Way Home a 2021, inda aka tara Spider-Man ukun a wuri ɗaya aka sami kusan dala biliyan 1.9. Dabarar tsohuwa ce a mujallu, kamfanin DC ya yi ta tun 1961 da Flash biyu. Amma lokacin da ta shigo fim ya dace da lokacin da kamfani ɗaya ya mallaki jarumai masu tarihi mabambanta, yana neman hanyar da zai sayar da su tare.

Ba na faɗin haka don in rage wa kowa daɗin kallo. Aikin da masu kallo ke yi na jera waɗannan labarai aiki ne na hankali, kuma ina ganin girmansa. Yaron da ya lura cewa wancan fim ya riga wannan domin a nan jarumi yana da tabo a can ba shi da shi, abin da mai binciken tarihi ke yi yake yi: yana neman shaida a cikin abin da ke gabansa, yana auna magana da magana, yana ware wanda ya saɓa. Marvel da kansa ya san darajar wannan tun shekarun 1960, lokacin da Stan Lee ya ƙirƙiro wata kyauta ga masu karatun mujalla. Daga baya sharaɗinta ya zama ka gano kuskure a labari, sannan ka kawo bayanin da zai nuna ba kuskure ba ne. Abin da ake aiko wa wanda ya ci ambulan ne babu komai a ciki. Wasa ne tsakanin kamfani da masoyansa, amma yana nuna wanda ke ɗinke ɓarakar da marubuta suka bari, kuma kyauta yake yi.

Mu ba da wannan ɗabi'a muka tashi ba, kuma ya kamata a lura da hakan. A tatsuniya, Gizo zai sha dukan kawo wuƙa a daren yau, gobe a dawo da shi garau yana damfarar kura, Ƙoƙi na gefensa. Babu yaron da ya taɓa tsayar da kakarsa ya tambaye ta ko wannan ya faru kafin wancan. Halin Gizo ne abin da ke dawwama, ba tarihinsa ba. Fina-finan Batman sun fi kusa da wannan tsari: Michael Keaton a 1989, Christian Bale daga 2005, Robert Pattinson a 2022, kowanne da nasa farkon, kuma ba su cutar da kowa ba. Abin da Marvel ya yi daban shi ne alkawarin da ya ɗauka cewa duk labaransa tarihi ɗaya ne, abin da ya faru a nan zai yi tasiri a can. Wanda ya yi wannan alkawari dole a riƙe shi da shi.

Masu shirya fina-finanmu ma sun shiga wannan alkawari, ko sun sani ko ba su sani ba, tun da aka koma shirye-shirye masu dogon zango. Daɗin Kowa na Arewa24 ya shafe shekaru ana bin rayuwar mutanen gari ɗaya. Labarina na Malam Aminu Saira, da ya fara a 2020, ya gamu da irin abin da ya sami Hulk lokacin da Mark Ruffalo ya maye gurbin Edward Norton: Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta ɗauki matsayin Sumayya. Masu kallo a Kafanchan da Kano da Maraɗi sun yi ta magana, sannan suka karɓa, domin canjin fuska abu ne da ake yafewa idan labari ya riƙe zarensa. Abin da ba a yafewa shi ne a manta da abin da aka faɗa a zangon baya. Mai kallon da ya horu da bin diddigin duwatsun Thanos ba zai kasa lura ba idan yaron da aka haifa a zango na biyu ya shiga sakandare a na huɗu alhali uwarsa tana cewa bara aka yi bikinta. Duk mai shirya irin wannan shiri yana bukatar littafi guda a ofishinsa da ake rubuta shekarar kowane aure da haihuwa da mutuwa a labarin, da wanda ya san wane sirri kuma tun yaushe, a ba mutum ɗaya amanarsa.

Ga wanda zai fara kallon Marvel yau kuwa, shawarata ya bi jerin fitowa, ba jerin faruwa ba, ko da yake na biyun ya fi burge masu son tsari. An rubuta kowane fim ne da sanin abin da mai kallo ya riga ya gani a lokacin. Captain Marvel labarin 1995 ne, amma guntun da ke bayan sunayen ma'aikatansa ya faru ne bayan Thanos ya shafe rabin duniya, don haka wanda ya sa shi na biyu ya tona wa kansa asirin fim na goma sha tara. Black Widow ma haka, ƙarshensa a bakin kabarinta yake. Jerin faruwa na mai kallo na biyu ne, wanda ya riga ya san inda aka dosa yana so ya ga yadda aka ɗaura tubalan. Mai turin da ya sa wa fina-finan nan shekarar fitowarsu a gaban suna, 2008 zuwa sama, ya rage wa abokan cinikinsa rabin wahala.

X-Men dai kada kowa ya wahalar da kansa neman jeri ɗaya da zai ɗauke su duka, babu shi. A kalli ukun farko a matsayin labari guda, na First Class da waɗanda suka biyo shi a matsayin wani, Days of Future Past ya zama gadar da ke tsakani. Mafi kyawunsu a wurina shi ne Logan na 2017, wanda James Mangold ya tura labarinsa can 2029, nesa da sauran. Wolverine ya tsufa, ciwukansa sun daina warkewa da sauri, yana tuƙin motar haya don ya sayi maganin Xavier da ya haura shekara casa'in kuma hankalinsa ya fara gushewa, sai aka kawo masa yarinyar da dole ya tsallakar da ita iyaka. Wanda bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin sauran ba zai iya fara kallo daga nan, ya fahimci komai.